Motar Dogo da Makomar Tsohon Layinmu

Iyayenmu maza da mata, malamanmu, 'yan uwa manoma da masunta da masu sana'ar hannu na Sinja da Mai Wurno da Sannar da Suki, da duk wanda muryar nan ta kai gare shi a garuruwan Jazira da gaɓar Nil Azrak a Sudan: Zancenmu na yau a kan ƙarfen nan ne da ke kwance a bayan garuruwanmu, wanda ciyawa ta rufe wani sashe nasa, ƙasa ta binne wani, wani kuwa ya riga ya hau ma'aunin 'yan gwangwan. Layin dogo nake nufi, da taragunsa da injinansa da tashoshinsa. Magana ɗaya nake so in kafa wa hujja: tsohon layin dogo ba ya tsira sai in ana bin sa, kuma abin da ya fi sauƙin bin sa da shi, ga jama'a masu ƙaramin ƙarfi irinmu, shi ne ƙaramin tarago mai injin dizal a jikinsa, wanda za mu kira motar dogo. Na san akwai waɗanda da jin haka za su ce yanzu ba lokacin wannan zance ba ne. Suna da hujja, kuma za mu zo kanta.

Da yaƙi dogo ya shiga ƙasar nan. Sojojin Kitchener ne suka ja shi daga Wadi Halfa ta tsakiyar hamada a 1897, ya kai Atbara a 1898, ya tsaya daura da Hartum a ƙarshen 1899. Daga nan sai ciniki ya karɓi ragama. Aka haɗa Atbara da gaɓar Bahar Maliya a 1906, aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan a 1909, layi ya biyo ta Madani da Sannar, ya haye kogi a Kosti, ya isa Ubayyid kusan lokaci ɗaya da isar jirgi Kano a 1911. Faɗin dogon ma ɗaya ne a ƙasashen biyu, Sudan da Najeriya, milimita 1,067 tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wato da an haɗa su, taragon Kano zai iya tafiya har bakin teku a Bur Sudan. An gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, a 1929 kuma layin Kasala da Gadarif ya iso Sannar ta kan madatsar. Reshen da ya bi ta Sinja zuwa Damazin shi ne autan wannan yanki, a 1954 aka kammala shi, shekaru kaɗan kafin a fara ginin madatsar Rusairis. Da layin yamma ya kai Niyala a 1959, tafiyar maniyyatan ƙasar Hausa da Borno ta ragu ƙwarai: wanda kakansa ya yi shekaru yana takawa a ƙasa, shi sai ya hau mota zuwa kan dogo, jirgi ya ɗauke shi har bakin teku.

A farkon shekarun 1970 jirgin ƙasa ne ke ɗaukar mafi yawan kayan ƙasar nan. Daga nan aka fara gangara. Kwaltar Hartum zuwa Bur Sudan da aka gama wajen 1980 ta janye kaya zuwa manyan motoci. Gwamnatin Numairi ta murƙushe yajin aikin ƙungiyar ma'aikatan dogo a 1981, wadda tun 1946 take ƙashin bayan Atbara, birnin ƙarfe da wuta. Takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017 ya sa kayan gyaran injina suka yi wuya. Amma darasin da ya fi kusa da mu yana cikin Jazira. Aikin noman Jazira, mai faɗin fadan, wato eka, kusan miliyan biyu, yana da nasa ƙaramin dogon, mai faɗin milimita 610, wanda ya ratsa gonaki na ɗaruruwan kilomita. Ƙananan injinan dizal ne ke jan taragunsa, wasunsu ƙirar kamfanin Hunslet na birnin Leeds a Ingila, suna kwashe auduga daga hawasha, wato gonakin manoma, zuwa injinan gurza na Maringan da Hasahisa, su komo da taki da iri da mai. A lokacinsa yana cikin manyan layukan irinsa a Afirka duka. Bayan dokar Jazira ta 2005 aka shiga sayar da kadarorin aikin, aka tsige ƙarfen, akasarinsa ya tafi a matsayin gwangwan. Ba a yi gardama mai tsawo ba kafin a yi hakan, domin jirage sun riga sun daina wucewa, kuma layin da ba a ga jirgi a kansa ba, ba mai fitowa ya kare shi. Da an bar ko kilomita goma da inji ɗaya yana kai da komo, da yau yaran Jazira suna da abin da za su nuna.

To, mece ce motar dogo, kuma me ya bambanta ta da jirgin da muka saba gani? Jirgi na yau da kullum kai ne a gaba, mai nauyi, yana jan taragun da ba su da ƙarfin kansu. Motar dogo kuwa tarago ne guda, da kujerunsa da wurin kaya, injinsa yana gaba kamar na babbar mota ko yana rataye a ƙarƙashin daɓe. A tsofaffin samfura, direba yana da kuloci da giya da birki, yana sauya giya da hannu yana sauraren kukan injin, sitiyari ne kawai babu, tun da dogo ke juya ta. Kan jirgi na babban layi yakan haura tan 70, ƙaramar motar dogo sau da yawa ba ta kai rabin haka ba. Wannan rashin nauyi shi ne dukan sirrinta. Siririn ƙarfe yana ɗaukarta, tsohuwar gada tana ɗaukarta, man da take sha kaɗan ne, mutum biyu sun isa su tafiyar da ita. Dalilin da ya sa aka ƙirƙiro ta ke nan tun shekarun 1920 da 1930, lokacin da motocin haya suka fara ƙwace fasinja daga rassan dogo na karkara, kamfanoni suka ga ba riba a hura wutar babban inji don mutum talatin da buhunansu. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu: jirgin Nilu, ƙirar China, da ya fara zirga-zirga tsakanin Hartum da Atbara a 2014, daga wannan zuriya yake, ya dai fi girma da kwalliya.

Wani zai ce ai sai a share fili, a ɗora tsohon inji a kan siminti, a shafa masa fenti, a kewaye shi da waya, an adana ke nan. Duk bakaniken da ke saurarena ya san abin da ke samun injin dizal da ya yi shekara biyar a tsaye. Raɓa tana taruwa ta zama ruwa a gindin tankin mai. Tsatsa tana cin cikin silinda har fistin ya manne. Robobin da ke tsare mai suna bushewa su tsattsage, batir ya mutu, ɓera ya gutsure wayoyi, zanzaro ya yi gini a bututun iska. Sai yara su fasa gilasai, sai masu neman tagulla su zo da dare. Inji kamar rijiya yake, wadda ake ɗiba kullum ita ce ba ta ruɓa. Shi ma dogon haka yake, musamman a baƙar lakar ƙasarmu, wadda da damina take shan ruwa ta kumbura, da rani ta tsage har ƙafar yaro ta shige. Ƙarfen da aka daidaita bara, bana ya karkace. Gara tana cin katakan da yake kwance a kansu. Rafin da ya cika sau ɗaya yana iya kwashe ƙasar da ke ƙarƙashi ya bar dogo yana lilo. In mota tana wucewa ko sau ɗaya a mako, dole wani ya taka layin ya duba, ya ɗaure kusar da ta saki, ya sare ƙayar da ta tsiro. Gidan tarihin dogo da ke Atbara abu ne mai kyau, Allah ya saka wa waɗanda suka kafa shi, amma gidan tarihi yana adana jikin na'ura ne. Sanin yadda ake tayar da ita da sanyin asuba, da yadda ake tsayar da ita a gangare in ruwa ya jiƙa ƙarfe, wannan a hannun mutane yake, kuma yana bin su kabari in ba a yi aiki da shi ba.

Ga misali daga nesa. A arewacin jihar Queensland ta Ostireliya akwai layi tsakanin Normanton da Croydon, kimanin kilomita 150, faɗinsa daidai da namu. An gama shi a 1891 saboda zinariyar Croydon. Zinariya ta ƙare, mutane suka watse, kuma har yau layin bai haɗu da sauran dogon ƙasar ba. A lissafi, ya kamata ya mutu tun da daɗewa. Abin da ya raya shi shi ne an ajiye injinan tururi tun wajen 1929 aka koma motar dogo. Wadda ake kira Gulflander, ƙirar 1950 ce, da injin Gardner, irin wanda ake sa wa motocin safa da jiragen masunta, tana tafiya sau ɗaya a mako ta komo washegari. Akwai abin lura ga mai zama a ƙasar gara da ambaliya: injiniyan da ya tsara layin ya yi amfani da matasan ƙarfe maimakon katako, ya kwantar da dogon dab da ƙasa yadda in ruwa ya zo zai bi ta kansa ya wuce, kuma da yawan waɗannan matasai na asali suna nan har yanzu. Garin Normanton bai kai mutum dubu biyu ba. Sinja ta ninka shi sau da yawa.

Misali na biyu a maƙwabta yake, kuma ya fi kama da halinmu. Dogon Iritiriya, mai faɗin milimita 950, ya hau daga Masawa a bakin teku zuwa Asmara a kan tsauni, ya isa a 1911. A shekarun 1930 Italiyawa suka kawo masa motocin dogo ƙirar Fiat, waɗanda ake kira Littorina. Yaƙi ya tsayar da layin a tsakiyar shekarun 1970, mayaƙa suka tsige ƙarfensa suka gina ramukan tsaro da shi. Da aka sami 'yanci a farkon shekarun 1990, kamfanonin waje suka kawo farashin gyara, gwamnati ta ga ya fi ƙarfinta. Sai aka kira tsofaffin ma'aikata daga ritaya, wasunsu sun haura saba'in, aka bi duwatsu ana tattaro ƙarfen da aka warwatsa, dattawan nan suka buɗe injinan da suka yi shekara ashirin a rumfa suka tayar da su, matasa suna miƙa musu sifana. A 2003 jirgi ya sake shiga Asmara daga Masawa. Abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne ba a narkar da injinan ba, kuma waɗanda suka san su suna raye. Da an yi jinkirin shekara goma sha biyar, da ƙarfen zai kasance, masu sanin za su ƙare.

Yanzu mu zo ga masu cewa ba lokacinsa ba ne. Tun 15 ga Afrilu 2023 ƙasar nan ke cikin yaƙi. Ya shiga Madani a Disamba na wannan shekarar, ya shiga Sinja a Yuni 2024, kuma babu gidan da bai ɗanɗana ba. Mutumin da ya komo ya tarar da ɗakinsa ba ƙofa, asibiti ba magani, magudanar gona ta cike, wa zai tsaya yi masa zancen tsohon tarago? Ban ce a ɗauki kuɗin magani a sayi fenti ba, kuma duk wanda ya ce haka bai san ciwon mutane ba. Sai dai a duba abu biyu. Na farko, lokacin rikici da bayansa shi ne lokacin da ƙarfe ke ɓacewa, tun da tsaro ya yi rauni, talauci ya yi yawa, mai ma'auni kuma yana biya nan take. Gidan tarihin ƙasa da ke Hartum ma, mai katanga da masu gadi, bai tsira daga wawaso ba, balle dogon da ke kwance a daji. In aka ce sai komai ya lafa, za a zo a tarar da tudun ƙasa kawai. Matakin farko kuwa, wato hana a tsige, ba ya cin ko fam ɗaya. Na biyu, wanda muke kira tsohon kaya ya taɓa ceton rai a ƙasar nan. A yunwar 1984 da 1985, da injinan dizal suka gaza saboda rashin kayan gyara, tsofaffin injinan tururi aka gyara suka taya jan hatsi zuwa yamma. Da an riga an sayar da su da kilo, da ba a sami abin gyarawa ba.

Akwai kuma masu cewa kayan Nasara ne, don kwasar audugarmu aka shimfiɗa shi, me za mu yi da tunawa da shi? Gaskiya ne don auduga da mulki aka yi shi, ba wanda ya tambayi ra'ayin mutanen gari. Amma a tambayi hannun wa ya ɗauki ƙasa. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka sauka a gaɓar kogin nan wajen 1906. Su da maniyyatan da suka biyo bayansu suna cikin waɗanda suka yi aikin madatsar Sannar, suka haƙa magudanai, suka tsinci auduga shekara da shekaru suna kwana a kambo, wato bukkokin 'yan ƙwadago. Sunayen injiniyoyin Ingila suna cikin littattafai. Na masu ɗaukar kwando ba a rubuta ba. A ƙasar da har yau akan sami mai tambayar Bahaushe ko Bafillace yaushe ya zo, dogo da madatsa da magudana shaidu ne masu shekaru, kuma ba na ganin hikimar mu taya a narkar da su.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi, kuma ba zan ɓoye nauyinta ba. Layin tarihi ba kasafai yake ciyar da kansa da kuɗin tikiti ba. Gulflander gwamnatin jiha ce ke riƙe da ita. Dogon Iritiriya, bayan duk wahalar da aka sha, yawanci sai baƙi sun yi haya yake motsawa, bai zama abin hawan talaka na kullum ba. Layin Talyllyn a ƙasar Wales, wanda a 1951 ya zama na farko a duniya da 'yan sa kai suka karɓa suka raya, ya dogara da mutanen da ke da albashi da ranakun hutu da za su bayar kyauta. Mu ba mu da Turawa masu yawon buɗe ido, kuma ba za su zo nan kusa ba. Saboda haka kwaikwayon waɗannan wurare kai tsaye kuskure ne. Abin da muke da shi wanda su ba su da shi, fasinja ne na gaske: mai kai buhun dawa kasuwa, ɗaliba mai zuwa makaranta a Sannar, mara lafiya daga ƙauyen da laka ke yanke wa hanya daga Yuli zuwa Oktoba. A wurinsu motar dogo abin kallo ce da ke ɗaukar mutane. A wurinmu sai ta zama abin hawa tukuna, tarihin ya biyo baya. Gajeren zango, ranar kasuwa, tarago ɗaya, wannan shi ne girman da ya dace, kuma shi ne aikin da aka ƙirƙiro ta dominsa tun farko.

Batun kayan gyara bai kai yadda ake tsoronsa ba. Kamfanin Bedford ya daina ƙera manyan motoci tun shekarun 1980, amma motarsa da muke kira Sifinja tana nan tana ratsa yashi da laka, domin maƙeran Sudan sun koyi warware ta su sake gina ta, su ƙara mata ƙarfi, su dasa mata injin wata motar. Injinan ban ruwa na Lister da ke bugawa a gaɓar kogin nan, wasunsu sun girmi masu kula da su. Wanda ya iya waɗannan, injin motar dogo ba zai gagare shi ba. Abin da zai koya sabo shi ne ƙafafun ƙarfe da birki da ƙa'idar shiga layi, kuma a nan ba wasa, sai da mutanen Atbara. Masu cewa kuma ai faɗin dogon zai canja, za a koma mai milimita 1,435 kamar wanda Najeriya ta buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, su tuna cewa sabon dogo manyan birane da tashar teku yake fara nema. Reshe irin namu zai daɗe yana jiran layinsa, kuma ranar da sabon ya zo, ranar ce tsofaffin injina za su rasa inda za su taka in ba a ware musu zango ba.

Dogo da duk abin da ke kansa mallakar hukumar jiragen ƙasa ta Sudan ne, ba wanda zai ɗora mota a kai ba da izninta ba, kuma ba ina kiran kowa ya yi gaban kansa ba ne. Amma akwai abin da ke hannun gari. Limamai su faɗa a kan mumbari cewa ƙarfen dogo dukiyar jama'a ce, mai tsigewa da mai saye da mai yin ginshiƙin rumfa da shi duk hukuncinsu ɗaya. Masu unguwanni da kwamitocin gari su san iyakar filin layi, kada a yanka shi fuloti, domin ƙarfe in ya tafi ana iya sayo wani, fili in aka gina a kansa ya tafi ke nan. Malaman makaranta su fita da ɗalibai su ƙirga abin da ya rage a tashar da ke kusa da su: gini, tankin ruwa, alamar hanya, tarago, ƙaramar motar duba layi in akwai, su ɗauki hoton lambar da ke jikin kowanne, su kai wa hukuma kwafi. Aikin da ya fi gaggawa shi ne na dattawa. A garuruwan dogo akwai tsofaffin direbobi da masu tasha da 'yan darisa, waɗanda suka yi rayuwarsu suna taka layi da guduma a kafaɗa. Su suka san rafin da ke cin dogo kowace damina, da gadar da ke buƙatar a rage gudu, da wurin da laka ba ta riƙe katako. A je musu da wayar hannu da littafi, a gaishe su yadda ya kamata, a ce: Baba, daga tashar nan zuwa ta gaba, faɗa mana abin da ke kowane kilomita. A rubuta da Larabci da Hausa, a ajiye kwafi a makaranta, kwafi a masallaci.

Nan za mu dakata a yau.